Yadda Ake Gwada Sahihancin Wutar Ko-ta-kwana ta Jirgin Fasinja a Manhajar Kwaikwayon Tuƙi

Masu tuƙa jirgin sama a kwamfuta sun saba auna ingancin jirgin da suka sauke ko suka saya da kyan ɗakin tuƙinsa, da ƙarar injinansa, da yadda yake ɗagawa daga titi. Ba kasafai ake duba halin da jirgin yake shiga idan janaretocinsa biyu suka mutu a sama ba, alhali a nan ne ake gane ko waɗanda suka rubuta manhajar sun bi wayoyin jirgin ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa fitilun gargaɗi kawai suka zana suka sa su kama. Hanyar gwajin da ke tafe ta ginu ne a kan Boeing 737-800, domin yana cikin jiragen da suka fi yawa a hannun masu manhajojin Microsoft Flight Simulator da X-Plane, kuma ba shi da farfelar gaggawa, wadda iska ke juyawa a wasu jirage domin a samu wuta, saboda haka idan janareto ya tafi babu abin da ya rage masa sai batir da ƙaramin injin da ke wutsiyarsa. Daga ƙarshe za a taɓa Airbus A320 a taƙaice.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan gwaji a ƙasarmu ita ce tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai, wanda lambarsa a manhaja take DRRN, a nufi Agadez, DRZA. Tahoua tana kusan tsakiyar wannan hanya, tazarar kilomita 370 ko kusa da haka daga Yamai idan aka miƙe ta sama, watau wajen mil 200 na lissafin matuƙa. Jirgin da ya juya daga nan zai ci kusan rabin awa ko fiye kafin ya taɓa ƙasa a Yamai, kuma rabin awa ɗin nan shi ne mafi ƙarancin lokacin da kamfanin Boeing ya lamunce wa batir guda mai cikakken caji. Ke nan manhajar da batirinta ba ya ƙarewa za ta koya wa mutum yanke shawarar da ba ta da tushe.

Mataki na farko: sanin inda wutar take fitowa

Kowane inji na 737-800 yana juya janareto mai ƙarfin kVA 90, mai ba da wutar AC ta bolt 115 da ke kai-komo sau 400 a sakan guda. Janareto na 1 yana ciyar da babban layin rabon wuta na 1, na 2 kuma yana ciyar da na 2, kuma ba a taɓa haɗa janareto biyu a kan layi guda a lokaci ɗaya. Daga waɗannan layuka ne na'urori uku da ake kira TR suke karɓar AC su mayar da ita DC ta bolt 28. Akwai janareto na uku a jikin injin wutsiya, wanda ake kira APU.

A ƙarƙashin wannan duka akwai batir mai bolt 24 da ƙarfin amfiya-awa 48, irin na nikel da kadmiyam. Wasu jiragen suna da guda ɗaya, wanda ke riƙe wutar ko-ta-kwana aƙalla minti 30, wasu kuma suna da na biyu mai taya shi, su biyun su riƙe aƙalla minti 60. Batir DC kawai yake bayarwa, don haka aka sa masa inbata wadda take mayar da wutarsa AC ta bolt 115. Duk wanda yake da inbata a gida ya san tsarin: idan wuta ta ɗauke a zafin watan Afirilu, fanka da ƙwan fitila ne suke ci gaba da aiki, firji da dutsen guga kuwa sai wuta ta dawo. Haka jirgi yake, an zaɓi ƴan na'urorin da ba a iya kai shi ƙasa sai da su, aka ɗora su a kan layin ko-ta-kwana na AC, da na DC, da layin batir, da layuka biyu da ke manne da batir kai tsaye. A lokacin lafiya, layin ko-ta-kwana na AC yana shan wuta daga babban layi na 1, na DC yana sha daga na'urorin TR, layin batir kuma daga TR3. Wannan rabo shi ne abin da ake son ganin ko manhaja ta kiyaye.

Mataki na biyu: shirya gwajin

A fara da gano wane irin jirgi ake kwaikwayo, domin ba adalci ba ne a auna jirgi da littafin wani. A duba ko an sa masa batir ɗaya ko biyu. Idan maɓallin awon DC da ke allon sama yana da wurin da aka rubuta AUX BAT kuma yana nuna lamba, to biyu ne. A kuma tabbatar 737-800 ne ko ɗan'uwansa na wannan zubi, saboda tsofaffin 737-300 da 400 da 500 ba sa komawa kan batir da kansu idan suna ƙasa, sai a sama, alhali sababbin suna komawa a ƙasa da sama duka. Littafin tuƙi da ya zo tare da jirgin, musamman babin lantarki da shafin da ya jera na'urorin da ke aiki a kan batir kaɗai, shi ne ma'aunin gwajin, domin kamfanonin sufuri suna zaɓar kaya daban-daban idan za su sayi jirgi, kuma abin da ke kan layin ko-ta-kwana a wannan jirgi yana iya kasancewa a wani layi a wancan.

Bayan haka a kashe duk wani zaɓi na sauƙaƙawa, a kashe lalacewar ba-zata da manhaja take jefowa da kanta, a tanadi takarda da alƙalami da agogon waya. Kada a gaggauta agogon manhaja, domin wasu jiragen suna lissafa cin batir da lokacin manhaja, wasu da lokacin kwamfuta, kuma gaggautawa tana ɓata sakamakon gaba ɗaya. Gwajin yana cin fiye da awa guda ba tare da tsayawa ba, saboda haka gara a yi shi a kan kwamfutar cinya mai cikakken caji, ko a lokacin da aka san wutar unguwa ta fi tsayawa.

Mataki na uku: gwaji a ƙasa

A ajiye jirgi a filin Yamai a kashe komai, babu wutar ƙasa, babu APU. A allon sama, ɓangaren hagu na tsakiya, akwai ƙaramin gilashi mai nuna lambobi, a ƙarƙashinsa maɓallai biyu masu juyawa, ɗaya na DC ɗaya na AC, sannan makunnin batir a ƙarƙashin baƙin murfi. A rufe murfin domin batir ya kama, a juya maɓallin DC zuwa BAT. Ya kamata a ga bolt tsakanin 22 da 30, galibi kusa da 24 tunda babu caja, amfiya kuma da alamar ragi a gabanta, wadda ke nuna batir yana bayarwa ba ya karɓa. Fitilar BAT DISCHARGE mai ruwan ɗorawa za ta kama bayan ɗan jinkiri. Idan amfiya ta tsaya a sifili alhali allunan kyaftin suna haske, an riga an sami kuskure na farko.

Sai a juya maɓallan biyu zuwa STBY PWR, a ɗaga murfin makunnin STANDBY POWER, wanda yake da mazauni uku: BAT, OFF da AUTO. A kai shi OFF. Fitilar STANDBY PWR OFF dole ta kama, awon AC da na DC su faɗi sifili, allunan kyaftin su mutu. A kai shi BAT: fitilar ta mutu, AC ta dawo kusa da bolt 115, kai-komonta kusa da 400, DC kuma ta nuna ƙarfin batir. A mayar da shi AUTO a rufe murfi, abin da aka gani a BAT ya ci gaba da zama haka, tunda babu wata wuta sai ta batir.

Akwai ƙaramin gwaji a nan da yake tona asirin jirage da yawa. A haɗa wutar ƙasa, a kunna na'urorin IRS biyu masu sanin matsayin jirgi da karkatarsa, a bar su su daidaita, sannan a cire wutar ƙasa. IRS ta hagu tana shan AC daga layin ko-ta-kwana, don haka inbata za ta riƙe ta. Ta dama tana sha daga babban layi na 2, don haka za ta koma kan DC, fitilarta ta ON DC ta kama, kuma a ji ƙaho yana kuka daga rijiyar tayar gaba, wanda aka sa domin ma'aikatan ƙasa su san ana shanye batir. A saurara da kyau daga kallon waje, domin wasu sun sa ƙarar amma ba a jin ta sosai daga ciki.

Mataki na huɗu: kashe ɓangare guda kawai

A tashi daga Yamai, a hau zuwa ƙafa 24,000, a bar jirgi ya daidaita a kan hanyar Agadez. An zaɓi wannan tsayi ne saboda littafin gaggawa bai ba da shawarar tada APU a sama da ƙafa 25,000 ba idan layukan biyu sun mutu.

A fara tura makunnin GEN 1 zuwa OFF. Fitilar SOURCE OFF ta ɓangaren 1 za ta kama, da shuɗiyar GEN OFF BUS, amma TRANSFER BUS OFF ba za ta kama ba, domin janareto na 2 zai ɗauki layukan biyu nan take. Babu allon da zai mutu, kuma batir bai kamata ya fara bayarwa ba. Kusan kowace manhaja tana cin wannan.

Inda ake rarrabe ƙwararru shi ne idan aka ɗaga murfin BUS TRANSFER aka kai shi OFF alhali GEN 1 yana kashe. Yanzu an raba gida biyu: babban layi na 1 ya mutu, TR1 ta mutu tare da shi, kuma mahaɗin da ke tsakanin layukan DC biyu ya buɗe, saboda haka layin DC na 1 shi ma ya rasa wuta. Ƙa'idar jirgin ita ce, da zarar babban layin AC na 1 ya mutu, wutar ko-ta-kwana ta AC tana komawa kan inbata da kanta, ko da ɓangaren 2 yana nan lafiya lau. A juya maɓallin AC zuwa INV a ga bolt 115, a duba allunan kyaftin suna nan da rai, a duba fitilar TR UNIT ta kama, tunda a sama mutuwar TR1 ita kaɗai ta isa ta kunna ta. Fitilun ficewar gaggawa na ɗakin fasinja su ma suna kamawa da kansu idan layin DC na 1 ya mutu, matuƙar makunninsu yana ARMED. Jirgin da aka rubuta da sauri yakan yi ɗaya daga cikin abu biyu a nan: ko ya kashe allunan kyaftin, domin marubucin ya ɗaure su da janareto na 1 kai tsaye, ko kuma ya ƙi kashe komai, domin lissafinsa bai wuce tambayar ko akwai janareto mai rai ba. A ganina wannan gwaji ɗaya ya fi duk sauran faɗin gaskiya game da zurfin aikin da aka yi. Idan an gama rubuta abin da aka gani, a mayar da BUS TRANSFER zuwa AUTO, a kunna GEN 1, a bar batir ya sake cika.

Mataki na biyar: kashe janareto biyu a saman Tahoua

Idan jirgi ya kai daidai Tahoua, DRRT, a kashe GEN 1 da GEN 2, ko kuma a sa musu lalacewa daga shafin lalace-lalace na jirgin, sannan a danna agogo. Yana da kyau a yi gwajin ta hanyoyin biyu a ranaku daban, domin ba a rasa jirgin da yake ba da sakamako iri biyu.

Daga cikin alluna shida na ɗakin tuƙi, uku ne za su rage: biyun da ke gaban kyaftin, da na sama a tsakiya mai nuna halin injina. Na mataimakinsa biyu da na ƙasa a tsakiya za su yi baƙi. Na'urar tuƙi da kai za ta saki jirgi tare da kukanta, don haka a riƙe sitiyari tun kafin a taɓa makunnin. Allon sama zai cika da ruwan ɗorawa: TRANSFER BUS OFF da SOURCE OFF a ɓangarorin biyu, LOW PRESSURE a kan famfunan mai duka, da a kan famfunan haidirolik biyu masu aiki da lantarki. Amma STANDBY PWR OFF ba za ta kama ba, domin layukanta suna da wuta. Idan ta kama, manhajar ta ɗauki fitilar a matsayin alamar mutuwar janareto, wanda ba shi ne aikinta ba.

Daga nan sai a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya, ana taɓawa da hannu, kada a tsaya ga kallo. Rediyon magana na 1 zai yi aiki, na 2 zai mutu. Rediyon neman hanya na 1, tare da ILS ɗinsa, watau na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi a lokacin sauka, zai yi aiki, na 2 zai mutu. A danna maɓallin daidaita wutsiya da ke kan sitiyari: bai kamata faifan da ke gefen gwiwa ya juya ba, sai an fito da mariƙinsa an juya shi da hannu. Wannan wuri ne da ake yawan yin sakaci, domin maɓallin da ke kan sandar tuƙi ta gida yakan bi ta bayan tsarin lantarkin jirgin ya motsa wutsiya kai tsaye. Injina kuwa ba za su mutu ba, saboda kwamfutar kowane inji tana da ƙaramin janaretonta a jikin injin, kuma famfon da inji ke juyawa yana tsotso mai daga tankin fiffike ko da famfunan lantarki sun tsaya, sai dai littafin ya yi gargaɗin cewa a can sama sosai ƙarfin inji yana iya raguwa ko ya mutu. Man da ke tankin tsakiya ba ya fitowa sai da famfo, don haka idan awonsa ya ci gaba da raguwa, kuskure ne babba, domin yana ba matuƙi man da ba shi da shi. Haidirolik na A da B suna nan da matsinsu daga famfunan injina, ke nan tayoyi za su sauka, filafilan fiffike za su buɗe ta hanyar da aka saba. Matsin iskar ɗakin fasinja sai an sarrafa shi da hannu.

A sa ido a kan agogo idan ya doshi minti biyar. IRS ta dama, wadda take kan DC tun lokacin da wuta ta tafi, za ta yanke da kanta a cikar minti biyar domin a tattala batir, ta hagu kuwa za ta ci gaba. A rubuta ainihin lokacin da ta mutu, a kuma duba ko amfiyar da batir ke bayarwa ta ɗan ragu bayan mutuwarta. Idan ta ragu, alama ce cewa marubucin yana lissafa nauyin kowace na'ura daban. Idan lambar ta kafe wuri guda komai aka kunna ko aka kashe, to agogo kawai aka ɓoye a bayan batirin.

Mataki na shida: auna ran batir

A juya jirgi zuwa Yamai, kada a taɓa APU a wannan zagaye. Duk bayan minti biyar a rubuta bolt da amfiya. Lissafin farko mai sauƙi ne: a raba amfiya-awa 48 da amfiyar da gilashi ke nunawa. Idan, alal misali, yana nuna 60, batir guda zai kai kimanin minti 48 a kan takarda, ƙasa da haka a zahiri, tunda batir ba ya ba da dukan abin da ke cikinsa idan ana jansa da ƙarfi. Abin da ake nema shi ne lokacin da batirin manhaja ya mutu ya yi kusa da abin da lissafin lambobinta ya bayar, kuma kada ya gaza minti 30 ga batir ɗaya ko 60 ga biyu. Wuce waɗannan lambobi ba laifi ba ne, domin su mafi ƙaranci ne, amma batirin da ya kai awa uku yana haska alluna ya fita daga hankali.

Yadda bolt ke sauka shi ma abin lura ne. Batirin nikel da kadmiyam na jirgi ɗakuna 20 ne, kowane da bolt 1.2, kuma halinsa shi ne ya riƙe ƙarfinsa kusan wuri guda na tsawon lokaci, sannan ya zube da sauri gab da ƙarewa. Shi ya sa matuƙi ba ya dogara da awon bolt wajen sanin abin da ya rage masa, agogo yake kallo. Manhajar da bolt ɗinta yake sauka daidai-wa-daida daga 24 har sifili tana ba mai koyo ma'aunin da babu shi a jirgin gaskiya. A kuma lura da yadda mutuwar take zuwa. Na'urori suna da mafi ƙarancin bolt da suke iya aiki da shi, saboda haka za su daina aiki tun batir bai kai sifili ba.

Muhimmancin wannan mataki ya fito fili a ranar 22 ga Satumba 2008, lokacin da Boeing 757 na kamfanin American Airlines ya tashi daga Siyatil zuwa Niyok, wani mahaɗin wuta ya lalace, matuƙa suka bi littafin gaggawa suka kai makunnin ko-ta-kwana zuwa BAT. A wannan samfurin, yin haka yana raba batir da cajarsa. Janaretocin jirgin suna aiki, amma layukan ko-ta-kwana suna shan batir shi kaɗai, kuma da aka ci gaba da tafiya batirin ya ƙare, na'urori suka riƙa mutuwa, jirgin ya karkata zuwa Shikago inda ya sauka ya bar titi ya hau ciyawa, ba tare da kowa ya ji rauni ba. Wanda yake da 757 a kwamfutarsa yana iya maimaita wannan: ya kai makunnin BAT alhali komai na lafiya, ya ga ko batir zai ragu.

Domin saukar ta yi ma'ana, a sa yanayin hunturu, irin hazon Disamba da Janairu da yake rufe kogin Kwara har ba a ganin tsallake, a rage nisan gani zuwa kilomita ɗaya ko biyu. A nan ne ake gane dalilin da ya sa ILS ta 1 take kan wutar ko-ta-kwana. A ɗauki mitarta daga taswirar filin da ke cikin manhaja, a tuƙa da hannu. Bayan taɓa ƙasa birki mai kama kansa ba zai yi aiki ba, sai an taka, mai hana taya zamewa kuma na tayoyin ciki ne kawai yake da wuta, amma juya ƙarfin inji baya yana nan. Ɗaliban makarantar EAMAC da ke nan Yamai, waɗanda ke koyon aikin hasumiya, za su ƙaru da wannan zagaye, domin yana nuna musu abin da ya rage a hannun matuƙin da ya kira ya ce wutarsa ta tafi, da dalilin da ya sa ba zai iya jiran zagaye a sama ba.

Mataki na bakwai: tada APU

A sake zagayen daga farko, amma wannan karon a bi littafin gaggawa. Bayan ƙoƙarin mayar da janaretocin injina ɗaya bayan ɗaya ya ci tura, a kai BUS TRANSFER zuwa OFF, a kashe famfunan haidirolik na lantarki domin kada nauyinsu ya faɗa wa janareton APU gaba ɗaya, sannan a tada APU. A ajiye maɓallin DC a kan BAT ana kallo. Tada APU da batir yana jan wuta mai yawa, saboda haka dole a ga bolt ya nutse, amfiya ta yi tsalle, kafin su dawo. Littafin ya ce sau ɗaya kawai ake son a gwada, domin kowane gwaji yana rage abin da ya saura. Mai gwaji shi kuwa yana iya keta wannan da gangan: ya sa wa APU lalacewa, ya tada ta sau uku, ya ga ko lokacin batir zai gajarta idan aka kwatanta da na mataki na shida. Idan bai gajarta ba, babu alaƙa tsakanin mai tada APU da batir a cikin manhajar.

Tashin APU yana iya kai minti biyu. Idan shuɗiyar fitilar APU GEN OFF BUS ta kama, a kunna makunnanta ɗaya bayan ɗaya. Allunan mataimaki za su dawo bayan ɗan lokaci, amfiya za ta koma alamar ƙari tunda caja ta fara aiki, makunnin YAW DAMPER kuma sai an mayar da shi da hannu. Idan an wuce minti biyar kafin wuta ta dawo, IRS ta dama ta riga ta rasa daidaitonta, kuma ba ta sake samun matsayin jirgi a sama, iyakarta a kai ta ATT ta ba da karkata, a shigar mata da alƙibla da hannu. Jirgin da allon mataimakinsa ya dawo da taswira daga wannan IRS kamar babu abin da ya faru ya tsallake wannan ƙa'ida.

Idan jirgin Airbus A320 ne

Tsarin gwajin bai canza ba, sakamakon da ake jira ne ya bambanta. Idan layukan AC 1 da 2 suka mutu alhali gudun jirgi ya haura not 100, watau mil 100 na lissafin matuƙa a awa, farfelar gaggawa tana faɗowa daga ƙarƙashin ciki da kanta, iska ta juya ta, ta ba shuɗin layin haidirolik matsi, shi kuma ya juya janareton gaggawa mai kVA 5. Tsakanin mutuwar wuta da kamawar wannan janareto akwai kimanin sakan takwas da batura biyu da inbata suke riƙe jirgi, kuma ya kamata a ga wannan tazara a shafin lantarki. Na'urar tuƙi da kai da mai sarrafa ƙarfin inji suna tafiya, dokar sarrafa jirgi, watau yadda kwamfuta ke fassara umarnin matuƙi, tana sauka zuwa ta biyu, ta koma ta kai-tsaye idan aka sauke tayoyi. Kada gudu ya gaza not 140 a lokacin gangarowa, domin farfelar tana iya kasa juyawa yadda ake buƙata. Farfelar ba ta komawa mazauninta a sama, sai ma'aikata sun mayar da ita a ƙasa, don haka a duba ta daga waje bayan an dawo da janareto. Bayan sauka, idan gudu ya faɗi ƙasa da not 50 kuma babu wata wuta sai batir, allunan da suka rage suna mutuwa.

Rubuta sakamako

A raba kurakuran da aka samu gida biyu. Akwai na ado, kamar ƙahon da ba ya kuka ko fitilar da ta makara da sakan biyu, waɗanda ba sa canza shawarar matuƙi. Akwai kuma masu koyar da ƙarya: batirin da ba ya ƙarewa, wutsiya mai daidaituwa da lantarki babu wuta, man tankin tsakiya mai fitowa babu famfo, na'urar tuƙi da kai da ta ƙi saki. Manyan na'urorin horar da matuƙa na matakin D, wanda shi ne mafi girma, ana bin su da irin waɗannan gwaje-gwaje a ƙarƙashin dokokin hukumomin jiragen sama na Amurka da Turai kafin a ba su izini, amma jirgin kwamfutar gida babu hukumar da take duba shi, sai masu amfani da shi. Idan za a aika wa marubutan jirgin rahoto, a faɗi sunan jirgin da lambar fitowarsa, da adadin baturansa, da tsayin da ake, da jerin makunnan da aka taɓa bi da bi, da mintin da abin ya faru, a haɗa da hoton allon sama da shafin littafin da ya saɓa wa abin da aka gani. A kuma adana takardar lambobin, domin duk lokacin da aka sabunta jirgin sai an maimaita mataki na huɗu da na shida, tunda gyaran wani ɓangare yakan taɓa lissafin lantarki ba tare da an ambata shi a sanarwar sabuntawa ba.